Na Kwashe Kifi, Na Bar Baba a Ɗaki

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni wuri a wannan shafi in sauke wani abu da ya daɗe a ƙirjina. Ba zan faɗi sunana ko na ƙauyenmu ba, domin ba sunan ne abin da nake so a riƙe ba.

A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce mai ɗiya ɗaya 'yar shekara biyar. Mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidan mahaifina, a wani ƙauyen masunta da ke bakin ruwa ta wajen Warra. Sana'ata bandar kifi. Ni mace ce mai zafin nama, ba na iya zama hannu sake, kuma in na kama aiki ba na son a katse ni sai na kai ƙarshensa. Mutane suna yabona da wannan hali, ni ma ina jin daɗin yabon. Innarmu ta daɗe da rasuwa, yayana kuma gidansa yana can ɗaya ƙarshen garin da iyalinsa, don haka mu uku ne a gidan: ni, da ɗiyata, da Baba. Baba tsohon masunci ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan ruwa, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi. Hannunsa da ƙafarsa na hagu ba sa aiki, maganarsa tana fita a hankali, amma hankalinsa garau yake. Ni ke yi masa komai, kuma Allah shaida ne ban taɓa jin nauyin hakan ba.

Ɗaki biyu ne a gidan. Akwai na bulo mai rufin kwano da yayana ya gina, akwai kuma tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara wanda aka haife mu a ciki. Da aka gama na bulon Baba aka so ya koma, ya ƙi. Ya ce kwano zafi gare shi, kuma daga ƙofar tsohon ɗakinsa yana hango ruwa da jiragen da ke fita da masu dawowa. Muka yi lallashi har muka gaji, ni da ɗiyata muka shiga na bulon. Tsakanin ƙofofin biyu bai fi taku ashirin ba, amma kafin in kai Baba daga wannan zuwa wancan sai na sa kafaɗata a hammatarsa, yana jan ƙafa muna tsayawa yana hutawa.

Farkon damina ne. Ruwan fari ya sauka kwana biyu kafin ranar, sannan zafi ya dawo kamar ba a taɓa yin ruwa ba. A makon nan kifi ya samu sosai, na sayi tarwaɗa da ƙarfasa fiye da yadda na taɓa saye, na cika wuraren banda uku da ke bayan gida, da niyyar in kai kasuwar Yelwa. Da safe na kai wa Baba koko na tarar ya ƙura wa ruwa ido bai ko juyo ba. Sai da na ajiye kwanon ya ce, "Ɗiyata, yau akwai iska. Ba irin wadda kunka saba gani ba." Ya nuna mini yadda ruwan ya kwanta lamo babu ko motsi, da yadda tsuntsayen bakin gaɓa suka yi shiru, ya ce tun yana saurayi sau biyu kawai ya ga gari ya yi irin wannan nauyi. Ya ce ya ji a rediyonsa ma ana jan kunnen mutanen bakin ruwa. Ya aike ni wurin yayana in ce masa kada kowa ya fita kamun kifi yau, a janye jirage sama a ɗaure, a kwashe taru da koma da sauran kayan kamun kifi daga gaɓa.

Na je na faɗa. Wasu samari suka yi dariya, suka ce sama fes take, tsoho dai ya gaji da zama yana neman abin faɗi. Amma yayana ya san mahaifinsa. Ya je ya sami Sarkin Ruwa, kafin hantsi ya dubi ludayi maza sun cika gaɓa suna jan jirage da igiya. Ni kuma na dawo gida na kama nawa shirin. Na hau tsani na ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwanon ɗakina, na ɗaure kusurwoyin da igiya. Na shigar da awaki, na rufe itacen banda da leda na danne, na kwashe shanya, na cika randuna da ruwa, na sa ɗiyata a ɗaki na ce kada ta fito. Ina yi ina jin kaina a matsayin wadda ta fi kowa shiri a garin. Abu ɗaya ya rage, kifin nan da ke kan wuta. Bai gama bushewa ba, kuma duk mai wannan sana'a ta san in ruwa ya taɓa kifin banda ya tashi daga aiki. Sai na ce bari in bar shi ya ƙara shan hayaƙi har lokacin da zan ga hadari da idona.

Bayan azahar hadarin ya taso daga gabas. Ban taɓa ganin irinsa ba, baƙi ƙirin daga ƙasa har sama, gefensa ja kamar garwashi. Na ɗauki kwando na ruga bayan gida, ina wucewa ta ƙofar Baba ya kira ni. Ya ce, "In kin samu sarari ki kai ni ɗakinki. Bangon ga ya sha ruwa shekaranjiya, ina jin ƙasa na zubowa ta bayana." Mutumin da ya shekara biyu yana ƙin shiga ɗakin nan, yau shi da bakinsa yake roƙon a kai shi. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Amma ban tsaya ba. Na ce, "To Baba, bari in sauke kifin ga, yanzu-yanzu ina zuwa." Ban ma shiga na duba bangon ba.

Na kwashe banda ta farko na kai ɗaki. Da na dawo wucewa ta biyu na leƙa, na ga ya riga ya sa hularsa, ya zura takalmi a ƙafarsa mai lafiya, ya ɗora rediyo da carbinsa a cinya, ya matso bakin gado iya ƙarfinsa yana jirana. Na ƙara sauri. A wucewa ta uku iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, na ɗaga murya na ce masa saura kwando ɗaya. Abin da ya ce mini shi ne in yi a hankali kada in faɗi.

Ina cikin kwashe banda ta uku iskar ta iso. Ba ta zo da sannu ba, lokaci ɗaya ta faɗo da ƙara kamar manyan motoci sun shigo gari. Rumfar bandar ta tashi sama ina kallo, garwashi ya watse, ƙura ta rufe ko'ina har ban iya ganin hannuna ba. Na durƙusa na rungume kwandon, wani fallen kwano daga gidan maƙwabta ya wuce ta saman kaina ya sare reshen bishiya. Sai ruwa ya sauko kamar ana jifa da tsakuwa. Da rarrafe na kai ƙofar ɗakina, kuma ina so a ji wannan da kyau, domin shi ne abin da ya fi ci mini rai: ko a lokacin kwandon na fara turawa ciki. Ɗiyata ta ƙanƙame ni tana kururuwa, ina ƙoƙarin ɓamɓare hannunta daga zanena sai na ji wata ƙara mai nauyi wadda ba ta tsawa ba ce, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin gwiwoyina.

Da na fito bangon gabas na ɗakin Baba babu shi, rufin ya zauna a ciki. Ban san irin ihun da na yi ba, an ce har bakin gaɓa an ji. Na hau tonon laka da hannuwana ina kiransa, farcena ya ɓalle ban sani ba. Maƙwabta suka fito cikin ruwan nan, yayana ya iso a guje, aka ɗaga azarori ɗaya bayan ɗaya. Mun same shi da rai, azara ta danne masa ƙirji da ƙugu, bakinsa yana motsi da salati. Aka ɗauke shi aka shigar da shi ɗakin bulo, aka kwantar da shi a tsakanin kwandunan kifina, domin su suka cika wurin. Ba a iya fita da shi a ranar ba. Bishiyoyi sun faɗi sun tare hanya, ruwa kuma ya haukace babu jirgin da zai hau shi. Sai washegari da aka sassare hanya muka samu mota zuwa asibiti a Yelwa.

Kwana biyu ya yi a can. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne jirage. Yayana ya ce masa ko ɗaya bai salwanta ba, kuma babu mutumin garinmu da iskar ta riska a kan ruwa. Baba ya lumshe ido ya yi hamdala. Sau biyu aka bar ni da shi mu kaɗai, sau biyu na buɗe baki in roƙe shi gafara, amma na kasa. Yana kallona da idon nan nasa mai sanyi, babu fushi a ciki ko kaɗan, ni kuma na ce a raina bari ya ƙara samun sauƙi tukuna, in mun koma gida zan durƙusa in faɗa masa. Da safiyar kwana na uku Allah ya karɓi abinsa. Haka na sake cewa bari, har ya tafi.

A zaman makoki mata suna shigowa suna sa mini albarka, suna cewa samun ɗiya irina sai an tona, na riƙe mahaifina har ƙarshe. Maza a waje suna cewa tsohon ya ceci gari da bakinsa. Kowa ya ɗauka iskar ce ta zo ba zato, babu wanda ya san ya roƙe ni, babu wanda ya san ya zauna a shirye yana jirana. Kifin kuwa ko ɗaya bai lalace ba. Na kasa kai shi kasuwa, na kasa kallonsa, na sa aka rarraba shi sadaka. Na yi wata da watanni in na ji warin hayaƙin banda sai in bar wurin. Na rame, mutane suka ce kewa ce, na bar su a kan haka.

Damina uku na yi da wannan abu ni kaɗai. Wata rana da yamma hadari ya haɗu, yayana ya shigo duba mu ya same ni zaune a inda ɗakin Baba yake a da. Ya tambaye ni lafiya, sai kawai na faɗa masa komai, tun daga kiran farko har kwandon ƙarshe. Na sunkuyar da kai ina jiran ya zage ni ko ya fita ya bar ni. Da na ɗago na ga hawaye ya jiƙa masa gemu. Ya ce, "Ke aƙalla kwando ukku kinka sa shi jira. Ni tun da rani ya ce in kawo magini a gyara bangon nan, nic ce mai sai kifi ya ja baya." Ashe shi ma shekara uku yana ɗauke da nasa, yana ganin shi kaɗai ne mai laifi. Muka zauna a ƙasa mu biyu muna kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, malamai sun faɗa mini, kuma na yi imani da haka. Amma sun faɗa mini kuma cewa sakaci abin neman gafara ne, kuma ina nema kullum. Abin da na gane shi ne, ni ba shiri ne ban yi ba. Na yi shiri fiye da kowa. Na tuna da kwano, na tuna da awaki, na tuna da itace da randa da kifi. Mutum ɗaya da ba ya iya tashi da kansa shi na bari a ƙarshe, domin na san shi ba zai yi mini faɗa ba, zai jira. Masu haƙuri da mu su muka fi sa wa jira, kuma ba don ba ma ƙaunarsu ba.

Na koma sana'ata, domin dole a ci abinci. Amma yanzu da zarar an ce iska na tafe, ko na ga gabas ta yi duhu, barin komai nake yi in bi gida-gida a unguwarmu ina tambaya: ina tsohuwarku, ina mai jegonku, ina marar lafiyarku, a wane ɗaki suke? Wasu suna ganin na cika shisshigi, ban damu ba. Ina kira ga duk mai karanta wannan, musamman mu mutanen bakin ruwa da ke kwana a ɗakunan ƙasa, ku duba bangonku tun da rani, kada ku jira ruwan fari ya nuna muku tsagar. In an yi gargaɗi ku ɗauka da gaske. In kuma hadari ya taso, ku fara da wanda ba ya iya gudu, sannan ku koma kan dukiya in lokaci ya rage. Ni na samu kifi da yawa bayan wancan, kowace shekara ina samu. Uba kuwa ɗaya Allah ya ba ni. Ina roƙon wanda ya kai ƙarshen wannan wasiƙa ya sa Babana a addu'a, ni kuma ya roƙa mini Allah ya yafe mini.