Tambayar Kwamfutar Da Ta Raba Ni Da Madam

Sana'ata bandar kifi ce. Ina sarowa a Lagdo wajen matan da ke kyafa shi, in ɗaure a kwali, in tura kudu. A cikin masu sayen kayana babu kamar wata Madam mai gidajen abinci a Yaoundé. Ita kaɗai tana kwashe fiye da rabin kayana, kuma shekara da shekaru ba mu taɓa saɓawa ba.

Ita ce ta fara cewa ta gaji da kiran waya. Tana so duk lokacin da sabon kaya ya sauka Garoua a aiko mata da imel. Sauran manyan masu saye na kudu suka bi bayanta. Mu 'yan kifi muka zauna muka yanke cewa a yi mana adireshi ɗaya, wanda in ka aika saƙo can zai isa ga kowa, mu da su. Ni na kawo wadda za ta haɗa: ƙanwar matata, mai shagon kwamfuta a bakin kasuwa.

Ina zaune gefenta ranar da ta sa manhajar. Abin yana ta jefo tambayoyi da Turancin Ingilishi, tana amsawa. Sai ta tsaya a kan wata doguwa, ta karanta, ta sake karantawa.

“Yaya dai, malamar boko? Turancin ya ƙare?”

“Yaya, kai da ko Faransancin sai na kasuwa, yi mini shiru. Kalmomin duk na san su. Abin da suke nufi ne ban gane ba.”

Ta fassara mini. Wai ko a sauya wani layi a kan saƙo ya koma nuna jerin masu karɓa, ko a bar shi ga wani abu da ban riƙe sunansa ba. Babu inda aka ce ga abin da zai faru da mutane in ka zaɓi wannan, ga abin da zai faru in ka zaɓi wancan. An riga an sa alama a kan amsa ɗaya, ta bar ta haka, ta wuce.

Ashe abin da aka zaɓa mana shi ne: duk wanda ya amsa saƙo, amsarsa kowa za ta je wa.

Wanda ya rubuta tambayar nan bai san mu ba. A wurinmu ba a yi maka sallama ka yi shiru. Mutum ya rubuta cewa kaya ya sauka, sai kowa ya ce Allah ya kawo kasuwa. Wanda aka yi wa addu'a dole ya ce amin. Wajen godiya Bafulatani ya ce useko, wani ya ce mersi, wani ya tambayi lafiyar iyali. Da mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ta rasu, ta'aziyya ta yi kwanaki tana zuba, kuma kowane ɗaya daga cikin saƙonnin nan yana faɗawa akwatin Madam. Mu ba mu lura ba. Kowa yana zaton da mutum ɗaya yake magana.

A tsakiyar wannan ambaliya na aika cewa na samu manyan karfasa, irin waɗanda take so don wani biki da aka ba ta aikinsa. Saƙona ya nutse. Ta jira, ba ta gani ba, ta saya a hannun wani daga Maga. Da na kira ta, cewa ta yi: “Alhaji, ni kifi na ce a sanar da ni, ba addu'a ba. Na cire sunana.”

Na je shagon ƙanwar matata raina a ɓace. Kafin in gama faɗa ta gyara abin, aikin da bai kai shan shayi ba. Wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ashe ƙaramin abu ne, da an faɗa mana shi da bakin mutane.

“Wane ne ya rubuta tambayar? A ina ofishinsa yake?”

Ta yi dariya. “Za ka kai masa kwalin kifi ne? Ba su da ofis. 'Yan sa-kai ne a ƙasashe daban-daban. Kowa yana iya aika musu da gyara.”

“To zauna. Ni zan faɗa, ke ki juya zuwa Turanci.”

Na ce ta rubuta haka: Idan mutum ya amsa saƙo, wa zai gani? Wanda ya aiko kaɗai, ko duk mutanen da ke ciki? Ka sani, in ka zaɓi kowa, ko godiya aka yi kowa sai ya karanta. Na ce ta ƙara da cewa ni in na sayar da kifi ina faɗa wa mai saye ko zai kai mako ko ba zai kai ba, ba na ba shi labarin itacen da aka kyafa shi da shi. Ta ce wannan zagi ne. Na ce ta sa.

Bayan wani lokaci wani ya amso cikin ladabi. Sun ɗauki tambayar, sun rage mata tsawo, sun cire maganar godiya, sun yi mana godiya su ma. Ƙanwar matata ta yi murna har ta buga a takarda ta liƙa a shagonta. Ni ban ga abin murna ba.

Na hau mota zuwa Ngaoundéré, na shiga jirgin ƙasa da kwali ɗaya na zaɓaɓɓen kifi, na je Yaoundé da kaina. Madam ta karɓe ni da kyau, ta sa aka kawo mini abinci, ta saurari bayanina har ƙarshe. Ta ɗanɗana kifin ta ce har yanzu nawa ya fi. Sannan ta ce ta riga ta ba mutumin Maga alkawarin shekara, kuma ba ta warware alkawari. Ban roƙe ta ba, don da ni ne a matsayinta haka zan yi. Na bar mata kwalin, na koma tasha.