Yaunin da Na Kawo Wa Surukina Daga Bagre

Zango

Ana kiran sallar farko na fita, da bidon babba, jarkar roba, wanda na yanke wa baki. Maƙwabcina ya ɗauke ni a moto mai taya biyu zuwa gar, tashar mota.

Tun da tirela ta kife da ni a hanyar Lome, ƙafar hagu ta ƙi aiki, mijin 'yata ta fari ke ciyar da gidana. Waya yake sayarwa a kasuwar Rood Woko. Bai taɓa neman komai a wurina ba sai wannan karon. Ya aiko ta bakin matata cewa ya yi wa kifi gida, yana son irin masu farauta, kuma ya ji na yi kamun kifi a ƙuruciya. Na ce zan je madatsar Bagre da kaina.

Matata ta ce, "Malam, ka leƙa ka ga wurin mana."

Na ce, "Ni in shiga ɗakin suruki? Kin taɓa gani?"

Shekarunsu da aure, iyakata ƙofar gida. Ban tambayi girman wurin ba. Na ɗauka tafki ne na siminti.

Kupela da Tenkodogo

Motarmu kar, babbar bas, ta tashi gari na wayewa. Sau uku jandarma suka sauke mu duba kartidante, katin shaida. Ɗaya ya ƙwanƙwasa bidon, ya ce da Mosanci, "Tsoho, me ke ciki?" Na ce iska. Ya yi dariya, ban yi ba. A Kupela na ci burodi da shayi. A Tenkodogo na hau wata tsohuwar mota mai kai ƙanƙara bakin ruwa. Bayan azahar muka isa.

Bagre

Aka nuna mini wani masunci, Hassan, Bakabe, na gaya masa abin da ya kawo ni. Da ya ji asalina Maradi, ya ce da wasan taubasai, "Bakatsine da neman kifi mai rai? Ba tukunya za ka kai shi ba, bawana?"

"Ubangidanka dai. Nuna mini kaya."

A rumfarsa na kwana, matarsa ta ba mu tuwo da miyar tarwaɗa. Da safe ya jera robobi.

"Tsage kar ka taɓa, gudu yake so, a matsi mutuwa yake yi. Giwan ruwa jariri ne yau, baɗi ya fi jikanka. Tufi da dama-dama, amma ba ya zama da maƙwabci. Ga gwando." Ya ɗago wani siriri, bai wuce taƙi ɗaya ba. "Yana cin 'yan kifi da tana, ba ya girma da yawa. A rufe samansa kawai, tsalle gare shi. Gidan kifin surukin naka ya girmansa?"

Na duƙa ina leƙen robobin.

"Ba ka gani ba?"

"Babba ne," na ce. "Surukina ba ƙaramin mutum ba ne."

Idona na kan wani yauni, baƙi, mai sulɓi, tsawon hannuna har kafaɗa. Wanda ya ci tuwon mutum shekara da shekaru ba ya kai masa abu kamar igiyar wando. Hassan ya ce, "Wannan zai kai tsawonka. Kira shi a waya mana." Na ce ba na kiran suruki a kan kifi. Ya ɗaga kafaɗa ya zuba mini shi.

Komowa

A hanya na ba yauni wurin ƙafafuna, ni na takure. A kowane shinge sai na sauke bidon. Ruwa ya jiƙa wata 'yar kasuwa, ta zage ni tun daga Zorgo har gar.

La'asar sakaliya na isa ƙofar gidansu. Surukina ya fito ya durƙusa. Ya leƙa bidon, ya daɗe bai ɗago ba.

"Baba, an gode. Allah ya ƙara girma."

Bidon ya yi masa nauyi shi kaɗai, dole na kama masa gefe. Haka na shiga falonsa, karo na farko.

Akwatin gilashi ne a kan tebur, da fitila da 'yan duwatsu. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Surukina ya naɗe hannun riga, ya juye kifin a ciki, don kar ya kunyata ni. Yauni ya kwanta a lanƙwashe, ya nemi juyawa ya kasa, ruwa ya fantsama a kan kafet. 'Yata na tsaye bakin labule, kanta a ƙasa.

"Zai saba, Baba," in ji shi.

"Ba zai saba ba. Fitar da shi. Laifina ne, ban tambaya ba."

Ban taɓa gaya masa magana mai tsawon wannan ba. Na ɗora hannu a kan gilashin na auna, gaba da gefe, yana kallo. Na ce gwando ya dace da shi, kuma zan koma.

'Yata ta aiko mana da yaunin a miya. Matata ta ce ya yi daɗi. Ni loma biyu na yi na wanke hannu.

Na gode wa Allah da ya maido ni gida lafiya. Na gode wa Hassan, wanda zan sha ba'arsa ranar Asabar.