Mai Hoton da Ba Ya Tambayar Sunan Ɗan Fari

Sai hantsi ya ɗaga Malam Ari yake buɗe shago. Ba lalaci ba ne, jira yake rana ta hau kan farantin sola ta ɗan cika batir, don kwamfutarsa ta tsufa, ba ta jure yunwa. Kafin nan zai share ƙofa, ya yayyafa ruwa, ya goge tabarau da bakin riga, ya sake gogewa, kamar tabaran ne mai laifi. Shagon ɗaki ɗaya ne a layin teloli na Haɗejiya, inda iska ke kawo warin bandar kifi daga kasuwa. Labulen da ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto ya koɗe har ba a gane furannin jikinsa. In ya zo zama, gwiwa ce ke fara magana, sannan shi ya ce, "Wash, Allah."

Maƙwabcinsa Badamasi tela, Bafulatani ne, shi kuwa Malam Ari kakanninsa daga Barno suka zo, don haka ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Babarbare, yau ma za ka wuni kana leƙen fuskokin mutane kamar mai neman ɓarawo?"

"Kai dai ɗinka wandonka, kafin saniya ta kira ka ka watsar da allura."

Mutane suna zaton aikin mai hoto shi ne ya ce a yi murmushi ya danna. Wannan ya wuce. Yanzu kowa da wayarsa, ba mai zuwa sai mai neman hoton fasfo. Abin da ya cinye wa Malam Ari shekaru, ya kuma cinye masa ido, shi ne jera hotuna. Kyamara ba ta san sunan kowa ba, lamba kawai take bai wa hoto. Kwanan watan da take rubutawa ma ƙarya ne, don duk ranar da batirinta ya mutu sai ta koma wata shekarar da ba a ƙera ta ba. Ga masu kawo waya mai fasasshen gilashi ko memori da ya sha ruwa, su ce a cire musu abin da ya ciru a ajiye. Duk wannan tarkace a kansa yake ƙarewa.

Shi kuwa ya ƙi zuba su wuri ɗaya. Kowane gari da foldarsa: Guri, Kaugama, Jahun, da ƙauyukan fadama da ko a taswira ba ka ganinsu. A cikin gari akwai shekara, amma ba lambar shekara kaɗai ba, har da yadda mutanen wurin suke kiranta, shekarar da tsuntsun jan baki ya cinye shinkafa, shekarar da ciyawar kacala ta toshe hanyar jirgin ruwa. A cikin shekara akwai biki, suna, saukar karatu, ranar su. Daga nan sai ya shigar da su manhajar da ke riƙe masa kundin hotunan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowace fuska suna. Manhajar wai tana gane fuska. Tana ganewa kam, sai dai ta taɓa dagewa cewa wani liman da wani mai gyaran babur mutum ɗaya ne, saboda gemu. Haka zai zauna yana ce mata a'a, a'a, a'a da linzamin kwamfuta, har wuyansa ya sage. Ya goge masu maimaici, ya kwafe sauran a faifan ajiya. Aiki ne mai gundura wanda ba ya ƙarewa, kuma ba wanda ya taɓa cewa sannu.

Amma ba don wannan kaɗai nake masa jinjina ba. Akwai wata tambaya da yake yi wa duk namijin da ya tsaya gaban labulen nan, wadda ta sa wasu suke ganin ya cika bin diddigi. Bayan suna da gari, sai ya ce, "Sunan mahaifiya fa? Kai ne ɗan fari?" In mai aure ne, ya tambayi sunan maiɗakinsa. Samari kan yi dariya su ce, "Baba, hoto muka zo, ba neman aure ba." Ba ya bayani. Ya dai san mutanensa. Ya san matar da ta tashi a gidan kunya ba za ta buɗe baki ta faɗi sunan mijinta ba, balle na ɗanta na fari. Ya kuma san cewa in an rasa mutum, su ɗin ne za su zo nema. Saboda haka a kundinsa kowane ɗan fari yana ƙarƙashin sunan uwarsa, kowane miji yana ƙarƙashin sunan matarsa.

Kai ne ka yi tunanin kunyar mutane tun kafin ranar kukansu ta zo, Malam Ari. Ba a makaranta aka koya maka ba, kuma ba ya cikin umarnin manhaja.

Da babban ruwan shekarun baya ya zo, wanda ya sa duk garin ya koma ɗaukar buhunan ƙasa zuwa bakin jinga, shagon bai tsira ba. Badamasi ya gan shi da idonsa, ruwa har ƙugu, ya ɗora bokiti a ka, kwamfuta da faya-fayan ajiya a ciki, ya bar kyamara da firinta a baya. Duk da haka faifai ɗaya ya jiƙe bai sake tashi ba. Kundin ya riƙe sunaye da 'yan ƙananan hotunan leƙe, amma ainihin hotunan da ke faifan sun tafi.

Da ruwa ya janye, sai mutane suka fara zuwa. Gidajen ƙasa sun zube, hotunan bango sun zama kunu. Wani manomi daga Kaugama ya sami hoton mahaifinsa kafin shayinsa ya huce. Wata mata ta faɗi sunanta kawai ta sunkuyar da kai, sai ga marigayin mijinta a fuskar kwamfuta da rawanin angonci. Wasu kuma sun koma hannu rabbana, kuma waɗannan su ne suke hana Malam Ari cin abincin rana.

Bara, wata ranar kasuwa, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagon tana lalube da sanda. Daga wani ƙauye take a bayan Guri, motar masu kifi ce ta kawo ta. A gida ta ce asibitin ido za ta, kuma ta je ɗin. A can aka gaya mata cewa idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana bin sa, magani sai dai ya rage masa sauri.

"Sannu, Iya. Shigo ki zauna," in ji Malam Ari. "Hoto za a ɗauka?"

"A'a, mai hoto. Wani nake nema." Ta murza bakin mayafi. "Yaron gidanmu. An ce ya taɓa zuwa nan, lokacin da za a yi musu katin masunta."

Bai ce wane yaro ba. Daga yadda ta kauce wa sunan ya gane ko wane ne.

"Yana nan, ko ya riga mu?"

"Ruwa ya tafi da shi. Yana fitar da mutane a jirgi, jirgin ya kife. Wayarsa tana jikinsa. Hoton da ke bangon ɗakinsa kuma ɗakin ya faɗa a kai."

Suka yi masa addu'a. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, a hankali, tana kallon ƙasa.

"Ka san yadda muke. Tun yana jariri kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa zura masa ido ba, ko mu biyu ne a tsakar gida. In ya shigo gaisuwa, gefe nake kallo. To yanzu in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai in ga ƙafafunsa kawai, da inuwarsa a bakin ƙofa. Abokansa ba za su rasa hotonsa ba, amma da wane baki zan tambaye su? Ga idon kuma yana tafiya."

"Iya, sunanki kawai nake so."

"'Yar'azumi."

Ya rubuta. Kowane ƙauye da 'Yar'azuminsa, don haka suka fito da yawa, sai ya taƙaita neman zuwa foldar Guri, ya ƙara alamar ɗan fari. Mutum ɗaya ya rage. Sai dai a kusurwar hoton akwai 'yar alamar nan da ya tsana, mai nuna cewa ainihin hoton yana faifan da ya mutu. Abin da ya saura bai fi farcen babban yatsa ba. Ya gwada faɗaɗa shi, fuskar ta narke ta zama dabbare-dabbare. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Ba na ganin komai, mai hoto. Hayaƙi kawai."

"Ki dawo kasuwa mai zuwa, Iya."

"Idon zai kai?"

"Allah zai kai shi," ya ce, alhali shi ma bai sani ba.

A makon nan, in ji Badamasi, ko tsokanarsa aka yi ba ya ramawa. Ya nuna wa manhajar wannan 'yar fuskar, ya ce ta nemo masa mai kama da ita a duk kundin. Ta kwaso masa rabin masuntan fadama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ido na zubar da ruwa, ya ɗiga magani, ya ci gaba, har rana ta sauka daga kan sola kwamfuta ta mutu. Washegari ya ci gaba. Da manhaja ta gaji da kawo shirme, ya bar ta, ya shiga foldar ƙauyen da kansa yana buɗe kowane biki da kowane suna, yana duba mutanen da ke tsaye a baya, waɗanda ba don su aka ɗauki hoton ba. Ya gaji, gajiya ta gaske, irin wadda mutum ke tambayar kansa wa ya aike shi.

A bikin wani ya same shi. An ɗauki hoton ne a bakin ruwa, ana tsallakar da kayan ɗakin amarya, kowa na kallon gado da kwalla. Can a gefe ga mai jirgin, riƙe da gorar tuƙi, ya juyo yana dariya, rana ta haske fuskarsa tas. Tabon da ke goshinsa shi ne na ɗan ƙaramin hoton. Malam Ari ya yanke gefen, ya faɗaɗa shi ya cika fuskar kwamfuta, ya kuma wanke babba a shagon wani.

Ta dawo. Ya zaunar da ita a kujerarsa, wadda ba ya bai wa kowa, ya ƙara hasken kwamfutar har ƙarshe, ya juyo mata da ita. Ya ga ta kai ido, sai kuma ta kawar da kai gefe da sauri, yadda ta saba tun yaron yana raye. Akwai namiji a ɗakin, ba za ta iya ba.

"Iya," ya ce, "kamar wayar solar nan ta kwance. Bari in duba. Zan daɗe."

Ya fita, ya saki labulen ƙofa, ya zauna a bencin Badamasi cikin rana. Ya ɗaga masa hannu, tela ya tsayar da keke. Wani saurayi ya zo neman fasfo, suka ce ya dawo da la'asar.

Ƙarshen watan nan Malam Ari zai rufe shagon. Likita ya ce ko ya rabu da kallon kwamfuta, ko idon ya rabu da shi. 'Yarsa Mansura ce za ta riƙe kundin a gidanta, kuma tambayar farko da ya koya mata ita ce ta sunan uwa. Ba za a yi walima ba, ba mai ba shi lambar yabo. Abin yana min ciwo, shi ya sa na rubuta.

Mun gode, Malam Ari. Kai ne ka zauna shekara da shekaru kana raɗa wa lambobi suna, har bayanka ya ranƙwafa. Kai ne ka bar kyamara a ruwa ka ɗauki fuskokin mutane a ka. Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran ganinka, ya ba ka hutun da ka daɗe ba ka samu ba. Mu kuma masu yawo da dubban hotuna a aljihu ba suna ba gari, mu ji kunya mu zauna mu jera su. Mu rubuta sunan mutum, mu rubuta na mahaifiyarsa, mu kwafe a wani wuri da ruwa ba ya kaiwa. Wata rana wata za ta zo nema, kuma ba za ta iya faɗin sunan ba.

Badamasi ne ya ba ni ƙarshen labarin. Ya ce suna zaune a bencin nan, ɗakin shiru, har suka fara tunanin ko idon bai kai ba. Can sai suka ji muryarta ta bayan labule, ƙasa-ƙasa. Ta kira shi da sunansa na yanka. Ta sake kira, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Sunan ba zan rubuta shi a nan ba, nata ne.

Badamasi ya ce ya juyo zai yi magana, sai ya ga Malam Ari ya cire tabarau yana ta gogewa da bakin riga. Bai ko kalle shi ba ya ce, "Bafillace, taka kekenka. Ba mu ji komai ba."