Waya Ta Kan Katanga

Can wajen ƙarshen shekarun tamanin ina malamin dabbobi a Illela, ni kaɗai a gidan haya mai ɗaki biyu. Maiɗakina da yara suna Sakkwato, don mahaifiyata ta tsufa, ba mai kula da ita sai su. Da rana ina da shanu da masu shanu, ba na rasa abokin magana. Amma da an yi la'asar sai in koma gida in zauna, daga ni sai buta. Ni kuwa mutum ne mai son surutu, ko a makaranta an sha dukana a kan baki.

Shi ya sa ranar da na ga bidiyo a wani shago a Ƙonni ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauro shi a bayan babur, daga baya na samo ƙaramin janareta. Ba don kallon na saya ba, don masu kallon ne. Kuma sun zo. Maƙwabtana, tela da ɗan canji da wani malamin firamare, da an sallame magariba sai ka ga takalmansu a ƙofata. Mu sa kokawar Turawa, in dafa shayi, a yi ta gardama. Tela ya rantse jinin gaske ne, malamin firamare ya ce jan galura ne. Ni dai zuga su nake yi, don kada a tashi.

Telan ne ya kawo maganar wata rana. "Malam, iyali na ta jin labari ga bakinmu, ba su gani ba. Babu wata dubara?" Gaskiyarsa ne, matan aure ba sa shiga ɗakin gwauro. Kowanne cikin maƙwabtan nan kuma yana da 'yar talabijin baƙi da fari mai batirin mota, wadda suke kama tashar Nijar da ita.

Ni da son a ce na iya. Na je wurin mai gyaran rediyo, ya ba ni doguwar waya irin ta eriya da wani ɗan akwati mai raba hoto. Da kaina na hau tsani. Na huda ƙarƙashin azara, na ja wayar ta kan katanga, na ɗaure ta a reshen dogon yaro da tsumma, na bi gidajen ana yi mini iso ina murɗa talabijin. Da farko yayyafi kawai ake gani. Da fuskar wata 'yar Indiya ta fito a gidan tela, har guɗa aka yi. Ranar an aiko mini da tuwo daga kowane gida, na kwana ina jin kaina wani ne.

Ɗan canji ne ya fara ɗauke ƙafa, wai ƙugunsa ba ya son tabarma. Malamin firamare ya bi baya. Tela ya ɗan jure, sannan shi ma ya ga kallo a kan gadonsa, da 'ya'yansa a jikinsa, ya fi daɗi. Ban ga laifin kowa ba. Garin neman gira na rasa ido. Aikina ya koma tada inji, saka kaset, mai da shi baya in ya ƙare. In mun haɗu a masallaci sai a ce, "Malam, yau a sa muna na Indiya." Kaɗaicin ya fi na da ciwo, don yanzu na san kowa yana nan kusa, abu ɗaya muke kallo.

Wata Juma'a na share ɗaki, na shimfiɗa tabarmi, na dafa shayi na jera kofuna. Fim ya kai tsakiya, na miƙa hannu na zare wayar. Na zauna ina kallon ƙofa.

Tela ne ya zo, da sauri. Daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, lahiya? Mi ya hwaru? Hoto ya ɗauke muna." Sai idonsa ya kai kan wayar a ƙasa, ya kai kan tabarmi da kofuna. Ya cire takalmi, ya shigo ya zauna, ya karɓi shayi. Ya tambaye ni jikin tsohuwa, ya tambaye ni aiki. Mutumin kirki ne. Amma kunnensa yana gida, inda ƙaramar 'yarsa take kuka a mai do mata da fim, yana kurɓar shayin da zafinsa don ya ƙare.

Kunya ta kama ni. Na tashi na mai da wayar, na ce, "Tahi, suna jiranka."

Ya ce, "A'a, in ɗan ƙara zama."

Ya faɗa ne yana neman takalminsa da ƙafa.