Canjin Hannu

Ni dai kunne Allah Ya ba ni, tun da ban yi nisa a boko ba. Ina zaune a ɗaki nakan gane wanda ya shigo daga jan takalminsa, kuma a gidan hayarmu na Tudun Wada butar kowa da irin kukanta. Ta maigidana ta ƙarfe ce, tsohuwa, in ya ɗauke ta daga bakin rijiya sai marfinta ya ce ƙwal. Tela ne, a zauren gidan yake ɗinki, don haka duk zirga-zirgarsa a kunnena take. Tun kafin ya buɗe baki na san da matsala. Ƙwal ina dama koko, ƙwal ina tsakar wanke-wanke. Ya shiga bayi ya daɗe, ya fito yana cije leɓe, bai gama zama a kan keke ba ya sake miƙewa.

"Malam, lafiya kuwa? Yau kai da buta kamar kun ƙulla amana."

"Ke dai bari. Fitsari ke matsa min, in na je kuma ɗan kaɗan ne, ga zafi kamar an barbaɗa barkono."

Mai kemis ya ce sanyi ne, ya ba shi ƙwayoyi, ya shanye, shiru. Aka je asibiti, aka auna fitsari, aka ɗebi jini, aka duba suga, har hoton mara aka ɗauka. Likita ya ce bai ga komai ba, ya rage shayi da yaji, ya dawo in abin ya ci gaba. Ya rage, ya koma, aka sake aunawa, amsar dai ita ce.

To, "ba a ga komai ba" ɗin nan ta fi ciwon kansa tayar da hankali. Da an ce suga ne da kowa ya san abin da zai zarga. Amma in ciwo ya rasa suna sai a shiga nemar masa mai shi. Ni kaina na zargi rijiya, na zargi sabulu, har na zauna ina lissafa matan da ke kawo masa ɗinki, wacce ce ke daɗewa wajen awo. Ashe ni ma ana can ana auna ni.

Yayarsa ce ta zo daga Gyallesu. Ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa a wurinsa. Ta amsa gaisuwata sama-sama, ta ƙi ruwan da na kawo mata, wai ta sha a hanya, ta wuce zaure wurinsa. Ta rage murya, sai dai bango ɗaya ne tsakanin zauren da ɗakina.

"Abin da na'ura ba ta gani ba ai ba na asibiti ba ne. A ciki aka ba ka. Ka canza hannu mu gani."

"Haba Yaya, shekara nawa muna tare da ita?"

"Ka ji na kama sunan wani? Cewa na yi ka canza hannun da ke ba ka ci da sha. In ka ji sauƙi, ka san inda ciwonka yake kwana."

Na kasa kunne in ji amsarsa. Keke kawai na ji ya ci gaba da gudu.

Washegari ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida da kula da jarkar ruwa. Malam ya ce min, idonsa a kan allura, "Abinci marar yaji Yaya ke haɗa min. Ki ɗan huta." Na ce to. Na dafa namu ni da yara. Matar ɗakin tsakiya ta leƙo tana dariya, "Maman yara, kin haye! Ana ciyar miki da miji kina miƙe da ƙafa." Na taya ta dariyar, amma ni da ita mun san fassarar a kawo wa namiji abinci daga waje matarsa na nan da ranta da lafiyarta.

Nan na shiga tsaka mai wuya. In ya warke a kan kular Yaya, ta tabbata ni ce, aurena ya ƙare, kuma sunan zai bi 'ya'yana mata har gidajen mazansu. In bai warke ba, mijina ne ke shan azaba a gabana. Sai na rasa addu'ar da zan yi. In ɗaga hannu in ce Allah Ka ba shi lafiya, sai in ƙara da, amma Ka wanke ni tukuna.

Ana cikin haka wata Asabar buta ta yi shiru. Tun hantsi keke ke gudu ba tsayawa, har yana bin karatun rediyo a hankali. Azahar ta yi, alwala kawai ya yi ya tafi masallaci. Ranar kuwa Yaya da kanta ta zo karɓar kula. Da ta ji labari sai ta saki murya yadda ko ba mai kunne irin nawa ba zai ji, "Alhamdu lillahi! Ai gaskiya ba ta ɓuya." Ina zaune ina tsinkar zogale, ina tunanin abin da zan gaya wa tsohona in ya gan ni da akwati.

Bayan la'asar, tana gyara mayafi za ta tafi, keke ya tsaya. Ƙwal. Ya fito, bai ƙarasa zaure ba ya juya. Numfashina ya dawo, sai kuma kunya ta rufe ni, don ga mutum nan dafe da mara, gumi na tsatso masa.

Yaya ba ta saduda ba. "Abin da aka daɗe ana ɗura wa mutum ba ya fita rana ɗaya. A ci gaba."

"A'a Yaya, ya isa haka. Da hannunki da nata ciwon ɗaya ne. Gara in sha wahalata da miyar da na saba."

"To, Allah Ya ba mu rai. Za ka tuna maganata."

Da magariba ya ce in tuƙa da shi. Na tuƙa tuwon masara da miyar kuka, na kai masa, amma ban tashi ba. Na wanke hannu, na gutsuri lomar fari daga kwanonsa, na haɗiye, na kurɓi ruwan kofinsa, sannan na tura masa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa sa hannu a kwanonsa ba.

"Mene ne haka kuma? Ba sai kin yi wannan ba."

"Sai na yi, Malam. Gobe in ciwo ya tashi, ka san mu biyu muka ci."

Ya jawo kwanon, ya ce bismillah.

Har yau ciwon yana lafawa ya dawo, yana zuwa asibiti, ba a sa masa suna ba. Yaya in ta zo kullum azumin nafila take yi. Ni kuma ban daina lomar fari ba, ko da yake Malam ya fara ƙorafi, wai yana zargin hannuna, don ɗanɗanon nawa kullum a kan tsokar nama yake sauka.