Yadda muka riƙa yi wa Baba kukan inji

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ga tsoron kada in rubuta abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin wani. Don haka abin da na gani da idona kawai zan faɗa.

Na yi aiki a wata ƙaramar masana'antar mazarƙwaila kusa da Makarfi, ni ne mai tura rake a bakin injin matsa. Duk shekara sai injin ya tsaya ana tsakar aiki, alhali manoman Gazara da Dandamisa sun riga sun sare rakensu sun jibge a ƙofa. Rake kuwa in ya jima a jibge, ruwansa raguwa yake yi ya fara tsami. Ranakun nan ko abinci ba na iya ci.

Sai mai wurin ya ɗauko wani dattijo, tsohon soja, wanda ya yi shekaru yana kula da injuna a asibitin sojoji. Kullum da safe mukan durƙusa mu gaishe shi, ya ce, "Ya injin?" Mu ce, "Lafiya lau, Baba." To me za mu ce? Babba na gaishe ka, ba ka tare shi da mugun labari. Nan kuwa duk muna jin wata baƙuwar ƙara a gindin injin. Haka muka yi wa makanikan da suka gabace shi.

Da injin ya cije, Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan buhu yana kallonmu. "Wato ku ko soro ya rufto muku, lafiya lau ne."

Ya lallaɓa injin ya tashi. Washegari bayan gaisuwa ya nuna ni. "Sarkin fargaba, yau ba lafiyarsa na tambaya ba. Yi mini kukan da ya yi jiya."

Kunya ta rufe ni, magidanci da ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙirr, ƙirr, kaf."

"Kaf ɗin a farko yake ko a ƙarshe?"

Mai dafa ruwan rake ya ce, "Baba, rabu da shi, akuyar gidansu yake kwaikwayo. Ga yadda yake yi." Ya yi nasa, gardama ta kaure. Baba na dariya har da share ido, amma kunnensa na wurinmu. Ya sa aka kashe injin, ya buɗe wurin da muke nunawa, sai ga boris, ƙarfen da injin ke juyawa a kansa, ya cinye.

Daga nan kowace safiya sai mun yi kukan inji kafin a tayar da shi. A kakar nan ba raken da ya yi tsami a ƙofarmu.

Daga baya ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, ya koma wajen 'yarsa. Wasu sun ce Kudan, wasu Ikara. Ina yawan tunanin ko yana samun magani. Dogo ne, yana ɗingisa ƙafar hagu, ba ya rabuwa da goro. Duk mai karatun da ya san inda yake, don Allah ya bar saƙo wajen masu mazarƙwaila a kasuwar Makarfi. In kuma ya rasu, a sanar da ni inda zan je ta'aziyya.