Waƙar Kaka Tanko a Bayan Shanu

Ranar wata Alhamis ce, ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, a shekarar da na shiga aji huɗu. Ina dawowa daga famfon unguwa da garwar ruwa a ka, sai na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafafuna. Shanu ne da aka sauke daga jirgin ruwan Sudan a tashar garinmu, mashigar alhazan Makka, an fito da su daga inda ake killace su a unguwar Mahjar za a kai su halaga, wato kasuwar dabbobi. Mata suka janye farantan gyaɗarsu, masu motoci suka tsaya suna danna hon, yara suka haye katanga. Can a bayan garken ga kakana Tanko, siririn tsoho, sanda a gicciye bisa kafaɗunsa, hannayensa a rataye a jikinta, yana tafe yana waƙa. Muryarsa ta dushe tun kafin a haife ni, amma shanun suna jinta. In ya ja baiti su rage sauri, in ya ɗaga murya na baya su matso. Da ya hango ni bai dakata ba, sai ya jefa ni cikin waƙar, wai ga ɗan Larabawa can ya ɗebo ruwa, rabi na garwa rabi na riga. 'Yan ajinmu da ke kan katanga suka yi ta dariya, ko da yake rabinsu ba su ji Hausar ba.

Abin da ya tayar mini da wannan zance shi ne, kwanan baya jikana ya nuna mini wani tsohon Ba'amurke a waya, farin gemu, malafa mai faɗi, jita a cinya, yana rera waƙoƙin makiyayan ƙasarsu da ya tsara da kansa. Muryarsa har rawa take yi don tsufa, amma zaure cike da mutane, kowa ya yi tsit. Yaron ya ce mini da Larabci wai duk abin da tsohon nan ya taɓa rerawa yana nan a ajiye. Na miƙa masa wayarsa na ce ya je ya yi wasa. Raina ya ɓaci, kuma ba shi ya ɓata mini ba.

Kaka ya baro wani ƙauye ne a ƙasar Gumel yana saurayi, yana kora wa fatake shanu. Da ƙafa ya ratsa Chadi da Sudan, a nan ya yi kiwo, can ya yi noma, har ya iso bakin Bahar Maliya ya tsallako. Ya yi aikin hajji, ya yi aure, bai koma ba. A kan hanyar ya fara tsara wata doguwar waƙa da yake kira Waƙar Hanya, kuma har ya tsufa bai daina yi mata ƙari ba. Kowace rijiya da suka sha tana ciki, da garin da aka ba su masauki, da wanda aka sako musu karnuka, da sunayen shanun da suka mutu, da abokansa da aka binne a gefen hanya. Mu kuwa a gidanmu na katako da kwano ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Na san ta ne kamar yadda na san ƙarar turmin Umma. Da safe in ɗebo ruwa, in share tsakar gida, in kai mata gyaɗa ƙofar makaranta, da la'asar in wanke wa Kaka takalman robarsa da suka sha kashin shanu, ina toshe hanci yana yi mini tsiya wai hancina na ofis ne irin na ubana.

Mu makiyayan da muka sani su ne 'yan kaboyi. Akwai wani fili mai katanga da ake haska fim a bango, mukan hau rufin maƙwabta mu leƙa. Washegari kowa ya hau tsintsiyar uwarsa ya mai da ita doki, a ɗaura igiyar shanya a kugu, a yi ta harbi da yatsa har a kira magariba. A finafinan nan, in makiyayi zai yi waƙa zama yake yi, ya jingina da sirdi, ya ɗauki jita, shanu suna can nesa ba a ma jin su. Haka muka ɗauka ake waƙar kiwo, mu da manyanmu, don Abuya, wato mahaifina, shi ma yana kallo.

A shekarar nan wani Alhaji Isa, mutumin ƙauyen su Kaka, ya sauka a gidanmu kafin ya wuce Makka. Shi ya kawo labarin cewa Sale, ƙanen Kaka, yana nan da rai, idanunsa sun tafi, kuma kullum tambayarsa ɗaya ce, ta ina yayansa ya bi. Ranar Kaka bai ci abincin kirki ba. Ya ce ba shi da abin da zai aika wa Sale sai waƙar nan, don duk amsar tana ciki. Abuya, wanda masinja ne a wani ofis, bai daɗe da sayen rikoda ba, kuma ni ne na iya danna maɓallan nan biyu na ɗaukar murya tare. Aka shirya cewa kafin Alhaji Isa ya dawo daga Mina ya hau jirgi, a cika masa kaset.

Sai muka yi abin da muka ga ya dace. Aka share ɗakin baƙi, aka shimfiɗa darduma, aka jera matasai. Abuya ya sa Kaka ya yi wanka ya sa farar riga, aka kashe fanka don kada ƙararta ta shiga, aka kori ƙannena waje, har akuyar Umma aka kai maƙwabta. Na danna, Abuya ya ɗaga yatsa ya ce yalla, wato a fara. Kaka ya yi baiti biyu ya tsaya. Ya sake, ya tsallake gari uku, ya dawo, ya rikice. Gumi ya jiƙa farar rigar. Washegari haka, jibi ma haka. Aka kawo masa shayi da zuma, aka ce ko mura ce. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a nemo masa mai garaya. Abuya ya fara ƙosawa, yana cewa mutumin da ke cika titi da murya ya kasa cika ɗaki. Kaka ya dube shi ya ce, "Musa, ban taɓa yin ta a zaune ba. A ƙafata take. In ba na tafiya ban san garin da ke gaba ba." Muka ɗauka rigimar tsufa ce, muka ƙara masa matashi.

Umma ce ta gaji da ganin tsohon yana fitowa daga ɗakin nan kamar wanda aka yi wa shari'a. Wata safiya bayan Sallah, da Abuya ya fita, ta sa wa rikodar batir, ta naɗe ta da tsohon mayafi, ta rataya mini a wuya, ta ce in bi kakana in kuma na kuskura ta faɗi in nemi wani gidan. Na shiga bayan garke ina tsoron ƙaho, ina tsoron kada 'yan ajinmu su gan ni. Kaka bai ko kalli rikodar ba. Ya gicciye sandarsa, ya yi wa shanun wani kira, ƙafarsa ta kama takunsu, sai waƙar ta zubo. "Taka sannu Fara, rijiya na gaba, wanda ya haƙa ta ya kwanta, mu za mu sha." Na ji garin Abashe, na ji garin Fashir, na ji wani Garba da aka binne ƙarƙashin aduwa. Na juya kaset ina tafe. Muna shiga halaga yana isowa bakin teku, kaset ya kusa ƙarewa.

Da yamma aka kunna. Kukan shanu ne, da takun kofato, da hon ɗin motoci, da wani Bayamane yana zagi, da hakina, muryar Kaka tana nutsewa tana tasowa a tsakani. Kaka ya rufe ido yana gyaɗa kai, ya ce haka take, Sale zai gane. Abuya kuwa fuskarsa ta canza. Ya ce ba za a kai wannan gida ba. Mutane suna can suna cewa Tanko yana ƙasa mai tsarki, ɗansa yana aikin ofis, sai a kunna a ƙofar mai gari a ji tsoho yana bin shanu ana zaginsa a titi? Ya ce a bari a sake mai tsabta. Ni ma na goyi bayansa, har na ce ai ko a fim ba a sa kukan saniya cikin waƙa. Kaka ya ce mini, "Kai ɗan Larabawa, shanun fim ba su da baki ne?" Aka yi dariya, aka tashi ba a yanke komai ba.

Ranar tafiyar Alhaji Isa, Kaka ya fita aiki da wuri, yana ganin an gama magana. Mota tana jira a waje, sai Abuya ya tuna ba a ɗauki gaisuwar 'yan gida ba, kamar yadda kowa ke aikawa a lokacin. Babu wani kaset a kusa. Ya ɗauko na Kaka ya ce wannan dama ya lalace, shi ke nan, a yi a kansa. Ni na mayar da shi farko, ni na danna. Abuya ya yi dogon jawabi, Umma ta yi nata a taƙaice ba ta ɗago kai ba, ƙannena suka yi ta karatun makaranta, aka juya aka ci gaba, ni ma na jero gaisuwa da guntuwar Hausata. Da Kaka ya dawo ya tambaya, Abuya ya shige ɗaki, aka bar ni. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kwance igiyar takalminsa, sannan ya ce, "To ka dai gaishe su da kyau?"

Abuya ya yi alkawarin baɗi. Kafin baɗi aka hana kora shanu a titi, manyan motoci suka karɓi aikin, aka ba Kaka gadin wani garke a halaga, yana zaune a kan benci. Mun gwada zagaya unguwa da shi, ni da rikoda, amma ba shanu a gaba sai ya yi 'yan baitoci ya tsaya yana kallon hanya. Har ya rasu ba ta sake fitowa cikakkiya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ba makami aka sa aka kashe waƙar nan ba, kuma ba wanda ya ƙi Kaka. Mun so mu gyara shi ne kawai.

Shekarun baya kaɗan wani jikan Sale ya zo umara ya nemo ni. Ya ce kaset ɗin ya daɗe a gidansu, har ya kwaikwayi gaisuwata yana dariya. Sannan ya ce a can ƙarshe, bayan mun gama surutunmu, akwai ɗan saura da bai goge ba: kukan shanu, da wata dusasshiyar murya tana cewa ga ruwa ba iyaka, ba saniyar da za ta sha. Sale yakan sa a kunna tun daga farko, ya zauna ya jure mu duka, don a iso wurin. In an iso sai ya ce, "Ya kai teku. Amma ta ina ya bi?"

Yau kowane yaro a gidana yana da abin ɗaukar murya a aljihu, wanda ba ya cika, ba ya son batir na kanti. Titin da shanu suka bi ya zama kwalta da gadoji, ni kuma da na yi rayuwata ina tuƙa mutane zuwa Abhur, wurin shaƙatawa na bakin teku, garuruwa uku kawai na riƙe daga cikin waƙar, su ma ban san wanne ke gaba da wanne ba. Sale ya rasu da tambayarsa, alhali amsar ta taɓa rataya a wuyana.